Masu Bin Sawun Ƙwayar Maleriya: Aikin Binciken Kundin Gadonta

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa kafin shekarar 1990 ba zai manta da kulorokwin ba. Farin magani ne mai ɗan karen ɗaci, wanda kan sa wa wasu mutane ƙaiƙayi kamar su yage fatarsu, amma a zamaninsa ba shi da na biyu. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a ba shi, bayan kwana biyu ko uku a gan shi a filin ƙwallo. Ga araha, ga shi kuma ana samunsa a kowane kemis. Sannu a hankali sai aka fara lura da cewa ana shan maganin amma zazzaɓin yana dawowa. Wasu suka ce jabu ne ya cika kasuwa, wasu suka ce marasa lafiya ne ba su cika adadin da aka rubuta musu. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai babban dalilin yana can cikin jini, watau ƙwayar cutar ce da kanta ta sauya. A shekarar 2005 gwamnatin Nijeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro.

Me ya sauya a jikin ƙwayar? A ina sauyin ya faru, kuma ta wace hanya ya iso Afirka ta Yamma? Akwai masanan da amsa irin waɗannan tambayoyi shi ne sana'arsu tun daga ƙuruciya har ritaya. Suna karanta abin da ke rubuce cikin sinadarin gado na ƙwayar, suna gwada na wannan gari da na wancan, na bana da na shekara goma da suka wuce, domin su gano tarihinta, su kuma hango inda ta dosa. Ɗalibin da ke sha'awar kimiyyar rayuwa ya kamata ya san cewa akwai wannan fage, ya san abin da ake yi a cikinsa, da kuma tsawon hanyar da ake bi kafin a kai gare shi.

Ƙwayar da kundinta

A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran, yana aiki a asibitin birnin Kustantina na ƙasar Aljeriya, ya ga wata halitta tana motsi cikin jinin wani soja mai zazzaɓi. Bayan shekara 17 Ronald Ross ya gano ta cikin tumbin sauro a Indiya. Sunan wannan halitta Plasmodium, kuma tana da dangi da yawa: wasu na kama tsuntsaye, wasu ƙadangaru, wasu ɓeraye da birai. Daga cikin masu kama mutum, wadda ta fi kisa ita ce Plasmodium falciparum, ita ce kuma ta mamaye Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da cutar sau miliyan 263 a duniya, mutane wajen 597,000 suka rasu, akasarinsu ƙananan yaran Afirka. Nijeriya kaɗai ta ɗauki fiye da rubu'in masu kamuwa da kusan sulusin masu rasuwa.

Kowace halitta tana ɗauke da umarnin gina jikinta a rubuce cikin sinadarin da ake kira DNA. Haruffa huɗu kacal ake rubutun da su, A da C da G da T. Jerin haruffan da ke ba da umarnin haɗa furotin guda shi za a kira saƙon gado a wannan maƙala, dukan rubutun kuma a haɗe shi ne kundin gado. Kundin Plasmodium falciparum yana da haruffa kusan miliyan 23, an kasa su juzu'i 14 waɗanda ake kira kuromosom, da saƙonnin gado sama da 5,000. In an gwada da na ɗan Adam, mai haruffa wajen biliyan uku, ɗan ƙarami ne. Amma karanta shi ya ba masana wuya ƙwarai, domin kimanin kashi 80 cikin ɗari na haruffansa A ne da T, sai ya zama kamar littafin da shafukansa suka yi kama da juna har mai haɗa su ya rasa wanne ke bin wanne. An fara aikin a 1996, cibiyoyi uku na Ingila da Amurka suka raba juzu'an a tsakaninsu, ba a buga sakamakon ba sai watan Oktoba na 2002 a mujallar Nature. Wani abin mamaki, ƙwayar da aka karanta ɗin, wadda ake kira 3D7, asalinta daga jinin wani mara lafiya ne da ke zaune kusa da filin jirgin saman Amsterdam a ƙasar Holan. Ana kyautata zaton sauron da ya cije shi jirgin sama ya hau.

Tankaɗe da rairaya

A cikin jinin mara lafiya ƙwayar takan shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, cikin sa'a 48 guda ta zama 16 zuwa 32, su fasa su fito su shiga wasu. Kafin a ankara adadinsu a jikin mutum guda ya kai biliyoyi. Duk lokacin da za ta rabu sai ta kwafe kundinta, kuma kamar yadda mai kwafar littafi da hannu kan yi tuntuɓen alƙalami, haka nan akan sami harafi ya sauya nan da can. Yawancin irin wannan kuskure ba ya da wani tasiri, wani ma kashe ƙwayar yake yi. Amma jefi-jefi akan dace da kuskuren da zai sa ta jure wa magani. To, idan mara lafiya ya sha maganin, sai ya zama tamkar rariya: marasa juriya su mutu, mai juriya ta rage, ta sami fili ita kaɗai, sauro ya ɗauke ta ya kai wa maƙwabci. Wannan tankaɗe da rairaya, idan ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru a cikin miliyoyin mutane, shi ne ke sauya kamannin ƙwayoyin ƙasa baki ɗaya. Abin da masana ke nufi ke nan da sauyawar halittu, kuma a wajen maleriya abu ne da ake gani da ido cikin rayuwar mutum guda.

Labarin kulorokwin shi ne misalin da ya fi fitowa fili. An fara ganin gazawarsa a ƙarshen shekarun 1950 a wurare biyu masu nisa da juna, kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma ƙasar Kolombiya. Bai bayyana a Afirka ba sai 1978, a Kenya da Tanzaniya, daga nan ya yi ta gangarowa yamma cikin shekarun 1980. An yi shekaru ana neman saƙon gadon da ke da alhaki. Thomas Wellems na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka ya haɗa aure tsakanin ƙwaya mai juriya da mara juriya a cikin sauro, ya bi 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, har aka tsuke binciken zuwa wani yanki na juzu'i na 7. Sai a shekarar 2000 shi da David Fidock da abokan aikinsu suka kama saƙon, aka sa masa suna pfcrt. Ƙwayar tana da wata 'yar jaka da take narkar da abincinta a ciki, a nan kulorokwin ke taruwa ya kashe ta. Furotin ɗin da pfcrt ke haɗawa yana zaune a bangon jakar, kuma idan ya sauya a gurbi na 76, tare da wasu sauye-sauyen da ke mara masa baya, sai ya zama ƙofar da ke fitar da maganin waje. Da yake sai sauye-sauye da dama sun haɗu kafin ƙofar ta yi aiki, shi ya sa abin bai faru ba sai a wurare 'yan kaɗan a duniya.

A nan ne gwanintar masu karanta kundi ta bayyana. Da suka duba haruffan da ke kewaye da pfcrt, sai suka tarar cewa ƙwayoyin Afirka masu juriya duka iri ɗaya suke ɗauke da shi, kuma daidai yake da na Kudu maso Gabashin Asiya, alhali a sauran sassan kundin kowace da nata. Kamar makiyayi ne ya ga shanu a kasuwanni goma duka da tambari guda a cinya, ya san daga garke ɗaya suka fito. Watau juriyar da ta kashe kulorokwin a Kano da Maraɗi baƙuwa ce, a cikin jinin matafiya ta ƙetaro teku. A 2004 Cally Roper ta Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta nuna cewa juriyar firimetamin, ɗaya daga cikin sinadarai biyu na Fansidar, ita ma wannan hanya ta biyo.

Malawi ta ƙara wa labarin wani babi. Ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta daina amfani da kulorokwin, a 1993. A birnin Blantyre, ƙwayoyin da ke ɗauke da sauyin nan sun kai kashi 85 cikin ɗari a 1992, amma zuwa 2000 sun ragu zuwa kashi 13, daga baya aka neme su aka rasa. Dalili kuwa shi ne juriya kaya ce mai nauyi. In babu magani a jini, ƙwayar da ba ta ɗauke da kayan ta fi saurin hayayyafa.

Daga kantin magani zuwa kujerar farfesa

Gano saƙon gado a ɗakin gwaje-gwaje na Amurka abu ɗaya ne, tabbatar da cewa shi ne ke hana yara warkewa a ƙauye wani abu ne dabam. Wanda ya yi wannan aiki ɗan ƙasar Mali ne, Abdoulaye Djimdé, kuma rayuwarsa ta isa ta nuna wa ɗalibi yadda ake shiga wannan fage. Ya karanta harhaɗa magunguna a Bamako, ya buɗe kantin magani, yana ganin mutane suna saye suna dawowa da zazzaɓinsu. Sai ya fara aikin sa kai a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Maleriya ta Bamako, wadda marigayi Farfesa Ogobara Doumbo yake cikin waɗanda suka kafa. Daga nan ya tafi Jami'ar Maryland ya yi digiri na uku a ƙarƙashin Christopher Plowe. A 2001 ya buga sakamakon da ya nuna cewa a tsakanin marasa lafiyar Mali, waɗanda kulorokwin ya kasa warkarwa suna ɗauke da ƙwayoyi masu sauyin gurbi na 76. Amfanin wannan a aikace babba ne: maimakon a bi ɗaruruwan marasa lafiya har mako biyu ana jiran a ga wanda zai warke, ana iya ɗiga jini a takarda, a busar, a aika ɗakin gwaji, a san halin da gunduma take ciki. Djimdé ya koma gida, ya zama farfesa a Bamako, ya kuma jagoranci haɗa masu binciken ƙasashen Afirka da dama cikin ƙungiya guda mai nazarin bambance-bambancen ƙwayar.

Aikin wannan ƙungiya ne ya haifar da binciken da Alfred Amambua-Ngwa, ɗan Kamaru mai aiki a cibiyar binciken lafiya ta Gambiya, ya jagoranta aka buga a mujallar Science a 2019. Sun karanta kundin ƙwayoyi sama da 2,000 daga ƙasashen Afirka 15. Kafin nan ana ɗaukar ƙwayoyin nahiyar kamar dangi guda ne da suka cakuɗe. Sai ga shi na yamma da na tsakiya da na gabas kowanne yana da alamominsa, na Habasha kuwa sun ware can gefe guda.

Wasu masanan kuma tarihi mai nisa suka sa a gaba. An daɗe ana zaton Plasmodium falciparum tare da mutum take tun fil azal. Beatrice Hahn da Weimin Liu da abokan aikinsu suka tattara kashin birai na daji kusan 3,000 daga dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, ciki har da na Kamaru, domin akan sami ɓurɓushin sinadarin gadon ƙwayar a ciki ba tare da an kama dabbar ba. A 2010 suka bayyana cewa duk ƙwayoyin falciparum da ke jikin mutanen duniya reshe ne guda ƙarami daga cikin ƙwayoyin gorila, ƙaton birin nan na daji. Wanda yake ƙyamar ɗaukar kashin biri a cikin kwalba ba zai taɓa kaiwa ga irin wannan sakamako ba.

Ita ma ƙwayar ta bar tabonta a jikin mutum. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa masu ɗauke da rabin gadon sikila, watau masu jinin AS, suna da kariya daga mummunar maleriya, abin da ya bayyana dalilin yawaitar amosanin jini a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Bayan shekara kusan 70, nazarin kundin ƙwayoyin da aka samo daga yaran Gambiya da Kenya ya gano wurare uku a kundin ƙwayar waɗanda, in ta ɗauke su, takan iya cutar da mai jinin sikila duk da kariyarsa.

Barazanar da ke tafe

Maganin da ya gaji kulorokwin shi ne atemisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tace a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970 daga wani tsiro na dangin tazargade, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Ana haɗa shi da wani magani na biyu, irin haɗin da ke cikin Coartem. A 2008 da 2009 aka ba da rahoton cewa a yammacin Kambodiya, wurin da juriyar kulorokwin ta fito, ƙwayoyi sun fara jinkirin mutuwa bayan shan sabon maganin.

Yadda aka gano saƙon da ke da alhakin wannan darasi ne a kan haƙuri. Wasu masana a Faransa sun ɗauki ƙwayar da aka samo daga Tanzaniya, suka rene ta a kwalba, dabarar da William Trager da James Jensen suka ƙirƙiro a 1976. Sai su zuba mata magani, su bar 'yan tsirarun da suka tsira su farfaɗo, su sake zubawa da ƙari. Haka suka yi ta yi har sau 125 cikin shekara biyar. Sa'an nan aka karanta kundinta aka gwada da na 'yar uwarta da ba a taɓa ba wa maganin ba, aka ga 'yan sauye-sauye kaɗan. Frédéric Ariey da Didier Ménard na Cibiyar Pasteur suka duba jinin marasa lafiyar Kambodiya, suka tarar ɗaya daga cikin saƙonnin, mai suna kelch13 a juzu'i na 13, shi ne ya sauya a wuraren da maganin ke jinkiri. An buga wannan a farkon 2014.

Kowa ya zuba ido yana jiran juriyar ta biyo tsohuwar hanya daga Asiya. Ba haka ta yi ba. A 2020 wata likita 'yar Ruwanda, Aline Uwimana, da abokan aikinta suka sami sauyin kelch13 yana yaɗuwa a ƙasarsu, kuma da aka duba haruffan da ke kewaye da shi sai aka ga tambarinsa ba na Asiya ba ne, a nan gida ya tsiro. A 2021 aka sami wasu sauye-sauyen dabam a arewacin Yuganda, a 2023 aka ba da rahoton na Iritiriya, an kuma tabbatar da shi a Tanzaniya. Ya kamata a fahimci abin da kyau: wannan juriya ba cikakkiya ba ce, haɗin magungunan yana warkar da yawancin marasa lafiya domin magani na biyu yana ƙarasa aikin. Haɗarin shi ne idan aka bar wa na biyun nauyi shi kaɗai, shi ma wata rana zai gaza, kamar yadda ya faru a Kambodiya.

Ba magani kaɗai ƙwayar ke zille wa ba. 'Yar na'urar gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jini a asibitoci tana neman wani furotin ne mai suna HRP2. A 2010 aka gano a Peru ƙwayoyin da suka yar da saƙon wannan furotin gaba ɗaya, saboda haka gwaji sai ya nuna babu cuta alhali mutum yana fama. A Iritiriya abin ya yi yawa har hukuma ta sauya irin na'urar da take amfani da ita a 2016. Allurar rigakafi ma haka: binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa RTS,S ta fi kare ƙananan yara daga ƙwayoyin da furotin ɗinsu ya yi daidai da na 3D7, wadda a kanta aka gina allurar, alhali irin waɗannan ba su kai kashi goma cikin ɗari na ƙwayoyin da aka samu a wuraren gwajin ba.

Hanyar da ake bi

Tushen yana makarantar sakandare, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke yin kuskure. Akwai masu zaɓen kimiyyar rayuwa domin gudun lissafi. Wannan fage ba ya karɓar irin wannan gudu. Wanda zai gwada haruffa miliyan 23 na ƙwayoyi dubu, ya ce wannan bambanci tankaɗen magani ne, wancan kuma dace ne kawai, dole ya san ilmin ƙididdiga da na yiwuwa. Malamin da ya ga yaro ko yarinya mai son bayoloji da lissafi a lokaci guda, ya riƙe shi da kyau.

A jami'a ƙofofin shiga suna da yawa. Wasu sun fito daga nazarin dabbobi, wasu daga kimiyyar sinadaran jiki ko ta ƙananan halittu, wasu likitoci ne ko masu harhaɗa magunguna, wasu kuma daga lissafi ko kimiyyar kwamfuta suka shigo ba su taɓa riƙe kwalbar jini ba. Bayan digiri na farko sai na biyu, shekara ɗaya zuwa biyu, sa'an nan na uku, wanda kan ci shekara uku zuwa biyar ana bin tambaya guda a ƙarƙashin wani gogaggen malami. Zaɓen wannan malami ya fi zaɓen sunan jami'a muhimmanci. Samun digiri na uku ma ba shi ne ƙarshe ba, domin akasari akan yi wasu shekaru ana aikin bincike na kwantiragi a ɗakin gwajin wani, ana buga sakamako, kafin mutum ya sami damar kafa nasa rukunin. In aka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa tsayawa da ƙafa ana maganar shekara 15 ko fiye.

Aikin yau da kullum kashi uku ne, kuma da wuya mutum guda ya ƙware a duka. Akwai na fili: zuwa asibitin ƙauye da damina, neman izinin kwamitin ɗa'a, zama da hakimi da iyaye a bayyana musu abin da za a yi da jinin 'ya'yansu, a sami yardarsu. Akwai na ɗakin gwaji, inda babbar matsala ita ce a ɗigon jini sinadarin gadon mutum ya rinjayi na ƙwayar nesa ba kusa ba, sai an yi dabarar ware shi. Sa'an nan akwai na gaban kwamfuta, wanda a yau shi ke cin mafi yawan lokaci. Na'urar karatu ba ta ba da kundi a jere, gutsattsari take fitarwa miliyoyi, sai an rubuta mata umarni da harsunan kwamfuta irin su Python da R an jera su. Ga kuma wata wahalar da ta keɓanta da wuraren da cutar ta yi yawa: yaro guda yakan ɗauki ƙwayoyi iri uku ko huɗu a lokaci ɗaya, sai an tsefe an gane wane harafi na wacce ne.

Wani sauƙin da zamani ya kawo shi ne yawancin bayanan a buɗe suke. Ƙungiyar MalariaGEN, wadda marigayi Dominic Kwiatkowski na Oxford ya jagoranci kafawa a 2005, ta saki kundin ƙwayoyi sama da 20,000 daga ƙasashe 33 a shekarar 2023, kyauta ga duk mai intanet. Ɗalibin digiri na biyu a Zariya ko Yamai yana iya sauko da su ya koyi sana'ar tun kafin ya taɓa ganin na'urar karatu. Na'urorin ma sun ƙanƙance, har akwai wadda ba ta wuce tafin hannu ba.

Kuɗi, suna, da zama a gida

Kada a ɓoye wa ɗalibi ɗacin abin. Albashin malamin jami'a ba ya sayen sinadaran gwaji, don haka mai bincike yana rayuwa ne a kan tallafin da yake nema ta hanyar rubuta takardar buƙata, a yi gasa, kuma waɗanda ake ƙi sun fi waɗanda ake ba yawa. Tallafin kan ƙare bayan shekara uku ko biyar, da shi kuma albashin mataimaka. Manyan masu bayarwa a waje suke, irin su gidauniyar Wellcome ta Ingila da Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, saboda haka sauyin siyasa a wata ƙasa mai nisa yana iya rufe ɗakin gwaji a Afirka. Ƙari a kan haka ga ɗaukewar wuta da ke lalata abin da aka adana a firji, ga sinadaran da kan yi watanni a hanya. An kuma daɗe ana kukan wata al'ada mara kyau, inda masanin Afirka zai sha rana ya tattara jini, a kwashe zuwa Turai, sakamako ya fito sunansa yana tsakiyar jeri ko babu shi sam. Wannan ya ragu, amma bai ƙare ba, kuma maganinsa shi ne mutum ya iya nazarin bayanan da kansa.

Duk da haka cibiyoyi sun tsiro a yankin. Christian Happi, haifaffen Kamaru wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ibadan, ya yi shekaru yana binciken juriyar magungunan maleriya, ya yi aiki a Harvard, ya dawo ya kafa cibiyar nazarin kundin gadon cututtuka a Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun. Cibiyarsa ce ta tabbatar da shigowar Ebola Nijeriya a 2014, ta kuma karanta kundin ƙwayar korona na farko a Afirka a watan Maris na 2020, abin da ke nuna cewa wanda ya koyi sana'ar a kan maleriya yana iya juya ta ga kowace cuta. A Jami'ar Ghana akwai cibiyar WACCBIP da Gordon Awandare ya kafa, mai horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashen yankin. A Yamai akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a tarihin wannan bincike. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani gagarumin aiki a ƙauyukan Garki, a Jihar Kano ta wancan lokaci, Jigawa a yau. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga jama'a, cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Har gobe masu lissafin yaɗuwar maleriya suna komawa ga alkaluman Garki. Abin da masanan wancan zamani ba su da shi shi ne hanyar karanta kundin ƙwayar. Yau kuwa, tun bayan shawarar da Hukumar ta bayar a 2012, ana ba miliyoyin ƙananan yara a arewacin Nijeriya da Nijar da Chadi maganin rigakafi kowane wata da damina, haɗin amodiyakwin da sinadaran nan biyu na Fansidar. A watan Disamba na 2024 kuma aka fara allurar R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan rariya ce sabuwa da aka ɗora wa ƙwayar, kuma sai an riƙa ɗibar jini a Birnin Kebbi da Katsina da Damagaram damina bayan damina, ana karantawa, kafin a san irin ƙwayoyin da suke tsallakewa.